Ruwan ƙashi, romo da dunƙule: wanne zai riƙe mini miyar kuka?

Mai girki daga Garin Malam:

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Tambayata a kan tukunya ce, amma bari in fara da abin da ya jawo ta.

Wata biyu ke nan da muka kai Inna, mahaifiyar maigidana, asibiti saboda jiri da ciwon kai da suka hana ta sakat. Aka ɗaura mata abin awo a dantse, aka ce tansiyonta ya hau ƙwarai, wato hawan jini. Likita ya rubuta magani, sannan ya juyo wajena, don ya gane ni ce mai tukunya, ya ce in rage gishiri, dunƙulen magi kuwa in da hali in raba ta da shi.

Mu 9 ne a gida, kuma tukunya ɗaya muke ci. Inna ta ƙi a ware mata tata miya. Ta ce ita ba baƙuwa ba ce, balle a riƙa yi mata ɗan kwano daban a gidan ɗanta. Sai duk muka koma cin abin da za ta iya ci. Da, miyar kuka ta dare nakan marmasa mata dunƙule 4, manyan nan na dala 5, in nama ya yi kaɗan har in ƙara na biyar. Yanzu guda nake sawa, wata rana ma in hana. Miya ta koma lami. Babu wanda ya ce mini uffan, amma ina ganin tuwo na kwana a kwano. Inna kuwa loma uku take yi ta ture akushi, ta nemi ruwan wanke hannu. Zanen da take ɗaurawa yanzu sai ya zagaye ta ya yi saura. Wannan shi ke hana ni barci.

Ƙanena da ke karatu a jami'ar André Salifou ya turo mini wasu bidiyoyi a salula, na masu dahuwa da Faransanci. Duk bakinsu ɗaya: a bar dunƙule, a dafa ruwan nama da hannu. To nan ne kaina ya ɗaure. Wani ya ce abin da yake yi sunansa fon, ya jibga ƙasusuwa a tukunya ya ce sai an yini ana dafawa. Wata ta ce nata buyon ne, ta sa nama da karoti da puwaro, wani ganye ɗan uwan albasa, awa ɗaya da rabi ta sauke. Na je na ɗauko takardar dunƙule, ita ma buyon aka rubuta a kanta. Matar wana da ke Kano ta ce masu Ingilishi sitok da burot suke cewa, kuma ita duk abu guda ta ɗauke su.

Sau biyu na gwada. Na farko na tafasa naman rago rabin kilo da albasa kamar minti 40, na kaɗa kuka a ruwan. Ƙamshi ya zo, amma in ka kai baki sai ka ji miyar ba ta da nauyi, ta wuce kamar ruwa. Na biyu, ranar Alhamis na je Kasuwar Dole na sayo ƙashin sa na dala 100. Na bari ruwa ya tafasa, na zuba, na buɗe gaz sosai awa ɗaya da rabi. Abin da ya fito ruwa ne mai launin toka, ga maiƙo, ga ƙarni. Na rufe na bar shi a madafa ya kwana. Da safe na ɗaga murfi na tarar yana kumfa, ya yi tsami. Na zubar. Ga kuɗin ƙashi, ga gaz, ga ruwan da na saya a hannun ɗan garuwa, duk sun tafi.

Don Allah wanda ya sani ya warware mini: mene ne bambancin waɗannan abubuwa? Wanne ne zai maye mini gurbin dunƙule a miyar kuka da ta kuɓewa? Kuma a ina na ɓata tukunyar ƙashin nan?

Tsohon kuku, Zango:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Shekara 26 na yi a madafar otal a Yamai kafin in dawo gida. Wata 6 na farko ba a bar ni na taɓa kaskon suya ba. Aikina wata ƙatuwar tukunya ce da nake ɗorawa bayan Asuba, in tsaya a kanta da ludayi ina kwashe kumfa. Tukunyar da kike tambaya a kanta ke nan, don haka ki ba ni haƙuri in na ja magana.

Kama da wane ba ta wane. Abu uku ne, kowanne da aikinsa.

Fon a Faransanci gindin abu ke nan, inda aka ɗora sauran. Mu ce masa ruwan ƙashi, shi ne sitok na masu Ingilishi. Da ƙashi ake yin sa, amma ba ƙashin kansa ake nema ba, abin da ke manne da shi ake so: guringuntsi, jijiya, fatar ƙafa, kan gaɓa. A cikinsu akwai wani sinadari, kolajin, wanda ba ya narkewa da gaggawa. Sai wuta ta daɗe tana bin sa a hankali yake sakewa ya shiga ruwa ya zama jelatin. Kin san shi, ko da ba ki san sunan ba. Shi ne ke sa langaɓu ya kwana lokacin ɗari ki tashi ki tarar ya daskare yana rawa a kwano, kuma shi ne ke sa leɓenki ya riƙa mannewa bayan kin ci. Nauyin nan da kika ce ba ki ji a miyarki ba, shi ke kawo shi. Ruwan ƙashi ba a sa masa gishiri ko ƙwara ɗaya, kuma ba wanda ke zama ya sha shi haka nan. Kayan aiki ne, kamar ƙullu kafin ya zama waina.

Romo kuwa namu ne na gida, shi ne burot, kuma shi ne ainihin buyon, don kalmar daga tafasa ta fito a harshensu. Da tsoka ake yin sa, ko tsoka da ɗan ƙashinta, awa 1 zuwa 2, da gishiri da albasa da kayan yaji. An gama shi, ana iya zuba shi a kofi a miƙa wa marar lafiya ko mai buɗa baki. Ruwan farfesu romo ne. Abin da kika yi da naman rago ranar farko romo ne, kuma ba ki yi kuskure ba. Tsoka tana ba da ɗanɗano da ƙamshi da wuri, sai dai jelatin ɗinta kaɗan ne, minti 40 kuma ba ya isa ya fito da shi.

Shi dunƙule aron sunan buyon ya yi, domin tun farko an yi shi ne ya tsaya a matsayin romo ga wanda ba shi da nama ko lokaci. Julius Maggi, mutumin Suwizalan, ya fito da nasa a 1908, Knorr na Jamus ya biyo a 1912, kamfanin Maggi kuma ya shiga hannun Nestlé a 1947. Shi ya sa har yau kowane iri kika saya a tebur magi ake ce masa. Ki juya takardar kowanne ki karanta jerin abin da ke ciki. Ana farawa ne da wanda ya fi yawa, kuma galibi gishiri za ki fara gani, sai gulutamat, wato farin magi, sai mai, sitaci, sukari, kayan ƙamshi da launi. Yana tada harshe nan take, wannan ba na musu. Amma ko guda 10 kika narka a ruwa, ki sa a firigo, ruwa za ki tarar da safe.

Yanzu tukunyarki ta Alhamis. Wuri uku ta sha wuya.

Kin zuba ƙashi a tafasasshen ruwa. Da ruwan sanyi ake farawa, ya hau kan ƙashin da kamar yatsa biyu. Kilo 1 na ƙashi ya ɗauki kusan lita 2. Yayin da ruwan ke ɗumi a hankali, jini da datti za su taso sama su zama kumfa mai ruwan toka, ke kuma ki bi da ludayi ki kwashe. Rabin awan farko kada ki bar bakin murhu. A otal ƙashin sa sai mun fara tafasa shi minti 5 mu zubar da ruwan mu wanke, amma na san darajar ruwa a Damagaram. In kin wanke ƙashin da kyau kuma kin tsare kumfa, ya wadatar.

Sai wuta. In tukunya na zaɓaɓɓaka, kitse da kumfa dukan juna suke yi har su gauraye da ruwan, kuma ba mai sake raba su. Launin toka da ƙarnin da kika ji daga nan suka zo. Da zarar ta fara tafasa ki janye wuta, ya zama ɓul ɗaya nan, ɓul ɗaya can, murfi a ɗan karkace. Gawayi ya fi gaz iya wannan aiki, kuma ya fi sauƙi ga aljihu.

Na uku lokaci. Ƙashin sa yana son awa 6 zuwa 8, na rago da akuya 4 zuwa 5, kaza ko zabo 3 zuwa 4. Kajinmu na gida, masu taurin nan da sun sha yawo, sun fi na gona ba da ruwa mai jiki nesa ba kusa ba. Albasa da karoti da ganyen loriye sai a awan ƙarshe ake sa su, in sun daɗe ƙamshinsu gudu yake yi.

In kin koma wajen mahauci kada ki ce ƙashi kawai, zai ba ki dogon ƙashin ƙwauri. Ɓargo gare shi, ɓargo kuma maiƙo yake bayarwa. Ki ce gwiwa kike so, da wuya, da wutsiya, in da hali da ƙafa ɗaya, ya sassara miki ƙanana. In kina son sanin ya yi, ki ɗiga kaɗan a yatsa, ki bari ya huce, ki haɗa da babban yatsa ki buɗe. In kin ji yana riƙewa kamar ƙaro, ki sauke.

Tsohuwa daga Birni:

Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Surukar da ake kwana da tunanin lomarta ta yi dace.

Malam kuku ya faɗi gaskiya, sai dai abin da ya koya a otal mu a ɗakin maijego muka koya. Wace ce a cikinku ba ta ci ƙauri ba? Ƙafafun sa ake kawowa, a babbake, a kankare tas, a sassara. Bayan Isha mu ɗora a tukunyar ƙasa da citta da kanumfari da masoro da kimba, da ƴar kanwa kamar ƙwayar wake. Mu tura gungume ɗaya mai kauri mu je mu kwanta. Cikin dare in wata ta fito, ta duba ta ƙara ruwa. Da gari ya waye ƙashi ya fita fes, jijiya ta narke, ruwan ya yi kauri. Ba mu san sunansa na Turawa ba, mun dai san shi ke mayar wa mace da ƙarfinta.

Amma wa ke da itacen da zai yi haka kullum? Ko a zamaninmu ba a yi. Ina da ƴaƴa uku na fara ganin dunƙule a teburin mai shago, kuma kafin nan ba lami muke ci ba. Miyar yau da gobe daddawa ce ke riƙe ta. In da kuɗi ta kalwa, in babu ta batso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa. Inda kuke ɓata ta, ku yaran yanzu, kuna jefa ta a ƙarshe kamar dunƙule, sannan ku ce tana wari. Daka ta ake yi a turmi da gabu da barkono da ɗan kifin banda da aka cire wa ƙaya, a zuba tun ruwa bai yi zafi ba, a bari ta dahu sosai. Za ki ji warin ya tashi ya cika gida, sannan ya kwanta, wani ƙamshi ya biyo baya. Sai a lokacin kike ɗauko maburgi ki kaɗa kuka, kaɗan-kaɗan, hannu bai tsaya ba. In an sauke, ki soya man shanu da albasa ki ɗiga a kai. Na Hajiya cokali ƙarami ya isa.

Tukunyar ƙashin kuma ba sai kin hura mata tata wuta ba. In kin sauke tuwon rana, garwashin da ya rage ai ba aikin da yake yi. Ki ɗora ta a kai, ki riƙa ƙara gawayi biyu-uku.

Abu ɗaya kuma. Bakin tsoho in an raba shi da gishiri, tsami yake nema. Ki yi mata miyar yakuwa, ko ki jiƙa tsamiya ki ɗan zuba a ta kuɓewa, ko ki ajiye mata ɓarin lemun tsami a gefen akushi. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, shekarunsa na ƙarshe da haka na riƙa samu yana cin tuwo. Kuma ki zauna ki ci tare da ita, kwano ɗaya. Tsohuwa in ta ga ana kallon hannunta sai ta janye.

Mai aikin jinya, Sabon Gari:

Ƴar uwa, ni ta fannin lafiya zan shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Babban dunƙule giram 10 ne, kusan rabinsa kuma gishiri ne. To ki lissafa: guda 4 sun kama giram 20 na gishiri, a raba wa mutum 9, kowa ya tashi da fiye da giram 2 daga miyar dare kaɗai, tun ba ki ɗebo gishirin da kike barbaɗawa da hannu ba, ba a kuma zo kan abincin rana da burodin safe ba. Likita bai takura muku a banza ba.

Inna ta Birni, ki gafarce ni, zan ɗan taɓa maganarki a wuri ɗaya. Abin da ke tada tansiyo a cikin gishiri sunansa sodiyom, kuma kanwa ma cike take da shi. Don haka a tukunyar da Hajiya za ta ci, a bar kanwa, lokaci zai yi aikin da take yi. Manda da gishirin Bilma su ma gishiri ne, kada a ce na gargajiya ne ba ya illa. Farin magi yana da sodiyom, bai kai na gishiri ba amma yana da shi. Ke kuma ƴar uwa mai girki, kifin banda ki ɗanɗana kafin ki daka, wani ana sa masa gishiri. Ɗan gishirin da za ki ci gaba da sawa ya zama mai ayodin. Harshe yana sabawa cikin ƴan makonni in ana ragewa sannu-sannu. Maganinta kuwa kada a tsayar don an ga ta warware.

Tsamin da kika tarar da safe ba laifin ƙashi ba ne. Ruwan nama abinci ne da ƙwayoyin cuta ke so ƙwarai, har a ɗakin gwaje-gwaje cikin irinsa ake renon su. Babbar tukunya a rufe takan kwana da ɗumi, ɗumin nan kuwa shi suke jira. Ƙa'ida ita ce kada ya wuce awa 2 a waje bayan an sauke, in zafi ya haura digiri 32 awa 1, kin kuwa san watan Afrilu da Mayu a nan muna wuce 40. Ki tace da zafinsa, ki rarraba a kwanoni marasa zurfi, ki jera su a baho mai ruwa su huce da wuri. A firigo kwana 3 zuwa 4, a wurin ƙanƙara kamar wata 3. In wuta ba ta zama a unguwarku, ki yi daidai wanda za ki ƙarar a ranar. Wanda ya riga ya juya kada ki ce za ki sake tafasawa ki gyara, akwai dafin da wuta ba ta kashewa. Kin yi daidai da kika zubar.

In ya daskare, kitse zai taru a sama ya yi fari. Ki ɗauke shi da cokali kafin ki ɗebi na Hajiya.

Mai tuwo a bakin tasha:

Ni dai kada a mayar da dunƙule abin ƙyama. Ina ciyar da direbobi da ƴan kabu-kabu safe da rana, mutum ya miƙo dala 40 yana son miya ta yi daɗi. In na ce da nama zan yi ɗanɗanon tukunya mai lita 30, kwana biyu zan naɗe tabarma. Matan ƙauye da yawa ma da ba don shi ba, ruwa da kuka kawai za su kaɗa. Mai lafiya ya ci daidai misali, marar lafiya a kiyaye masa.

Amma abin da Baba kuku ya faɗa na gan shi da idona. Maƙwabciyata ragadada take sayarwa, takan ba ni ruwan kai da ƙafa kafin ta zuba gishiri. Ranar da na samu, dunƙule 3 ke yi mini aikin da 10 ke yi a ruwan randa. Kuma ki aika yaro wajen masu gashin kaji da yamma, kafin su hura wuta. Ƙafafu da wuya da kai ba sa tsada, ƙafar kaza kuwa in ta dahu ruwanta daskarewa yake yi sosai, awa 3 ta isa. Ki dai zuba musu ruwan zafi ki saɓule fatar waje, ki yanke farce.

Tsohon kuku, Zango:

Hajiya mai tuwo ta taɓo inda na manta, ƙafar kaza ba ta da na biyu a wannan aiki. Inna ta Birni kuma na durƙusa, ƙauri ya girmi otal.

Ɗiyata, ga dalilin da ya sa na hana ki gishiri. In kin tace, kin ɗauke kitse, ki mayar da ruwan wuta ba murfi. Yanzu kam ki bar shi ya tafasa da ƙarfi, ba abin da zai gurɓata shi. Lita 4 ta ƙone ta dawo kamar rabin lita. Ki juye a faranti, in ya yi sanyi zai yi tauri kamar roba, ki yanka da wuƙa ƙanana-ƙanana ki ƙulla a leda ki kai wurin ƙanƙara. Ba ya cin wuri. Da gishiri a ciki tun farko, da ya ninka sau 8 ya zama ba ya ciwuwa.

Sallar Layya kuma kada ki bari a watsar da ƙashi. Mu da muke gicciye rago a kan sanduna mu jera a gefen wuta ya yini yana gasuwa, an riga an yi mana rabin aikin. Ƙashin da wuta ta gasa yana ba da ruwa ja mai duhu, mai ƙamshin gashi. A otal sai mun kunna tanda musamman mu gasa ƙashi kafin mu samu irinsa. Shi ya fi dacewa da miyar tumatir da dafa-duka. Farin kuma, na ɗanyen ƙashi, shi ne na kuka da kuɓewa.

Mai girki daga Garin Malam:

Baba kuku, Inna, Yaya mai jinya, Hajiya mai tuwo, na gode, Allah ya biya ku. Na dawo in ba ku labari.

Asabar da sassafe na je wajen mahaucin unguwarmu da kaina. Na ce gwiwa da wuya kilo 2 da ƙafa ɗaya. Ya dube ni ya ce wa ya koya mini, don mata ba sa tambayar gwiwa. Ƙarfe 8 na ɗora a murhun gawayi da ruwan randa lita 5. Na jawo kujera na zauna da ludayi. Kumfar farko baƙa-baƙa ce, na cika ɗan kwano da ita, ta biyu ta fi haske, daga nan sai ruwan ya washe har ina hango ƙashi a ƙasa. Na kwashe garwashi na bar kaɗan. Sau biyu ta so ta zaɓaɓɓaka, na yayyafa toka a kan wutar ta lafa. Ƙarfe 2 na jefa albasa biyu da karoti ɗaya da loriye. Ƙarfe 3 na gwada a yatsa, ya riƙe. Na tace da wankakken farin ƙyalle, na rarraba a kwano huɗu cikin baho, da suka huce na kai uku firigon maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara.

Da daddare na yi yadda Inna ta Birni ta ce. Na daka daddawar batso da gabu da kifi, na zuba tun ruwa da sanyinsa, na ƙara kwano ɗaya na ruwan ƙashin bayan na kwashe maiƙon sama, da rabin dunƙule da gishiri ɗan tsunkule. Tun a maburgi na ji bambanci, miyar tana bin sa tana sheƙi. Na kai akushi ɗakin Inna na zauna muka sa hannu tare. Ta yi loma ɗaya, ta tsaya, ta ce, “Wa ya haihu a gidan nan ba a faɗa mini ba?” Ta cinye malmalarta, ta gutsuri rabin tawa. Naman ƙafar da ya narke na yi wa yara farfesu da shi.

Washegari na je karɓo sauran, na tarar sun daskare, na soka cokali ya tsaya a tsaye. Kitsen ya yi fari a sama, ya ɗago gaba ɗaya kamar faifai.

Ba duka ne ya daidaita ba. Ƙanen maigidana har yanzu yana zuwa da gishirinsa a takarda ya barbaɗa a nasa kwano, na ƙyale shi. Miyar tumatir ta shinkafa ma ba ta kai yadda nake so ba tukuna, ina jiran ƙashin Layya. Gawayi kuma ya tafi fiye da yadda na zata, mako mai zuwa ƙafar kaza zan gwada a kan garwashin tuwo. Litinin za mu koma awon tansiyo, ku sa mu a addu'a.

Baba, saura guda. Wan maigidana yakan kawo mana karfasa ɗanya daga Gidimuni, kawunan kullum kyanwa nake ba. Su ma awa 6 ne?

Tsohon kuku, Zango:

A'a, ɗiyata, kifi ba ya son daɗewa. Minti 20 zuwa 30 daga lokacin da ya fara tafasa, in ya wuce haka ɗaci yake kawowa. Ki tsaga kan biyu, ki cire jan abin nan da ke cikin kunnensa wanda yake numfashi da shi, ki wanke jinin tas, sannan ruwan sanyi da albasa da ƴar citta. A nan albasa tun farko take shiga, tunda lokacin kaɗan ne. Ki tace da ƙyalle saboda ƙaya, ki yi miyar kuɓewa ɗanya da shi a ranar. Ki gaishe mini da Hajiya.